Yadda za ka karɓi albashinka da bonas ɗinka idan kamfani ya riƙe maka a Saudiyya

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka da Madina da sauran garuruwa. Shekara bakwai na yi a wani kamfani na kayan asibiti a kudancin Jidda, wajen Khumra inda manyan sito-sito suke, na fara da ɗaukar kwali na koma mai kula da sito. Safar hannu, sirinji, bandeji, kanula, takunkumi, keken marasa lafiya, duk sun bi ta hannuna. Lokacin korona a 2020 mun kwana a sito ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, mudir, wato manaja, yana zagayawa yana cewa abshiru, abshiru, wato albishirinku, in an gama wannan kowa zai ga alheri. Alherin bai zo ba, sai ma albashi da ya fara makara, yau kwana goma gobe wata guda, kullum maganar ɗaya ce wai asibitoci ba su biya ba. Na bi haƙƙina na samu, daga baya na raka abokan aiki da 'yan unguwa da dama sun bi nasu, wasu sun samu wasu sun rasa, kuma waɗanda suka rasa yawanci ba don ba su da gaskiya ba ne, takarda ce ba su da ita ko kuma fushi ya sa sun ɓata lamarin da hannunsu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Wannan bayanin na ma'aikacin kamfani ne mai igama, wato katin izinin zama, a ƙarƙashin kamfanin da yake wa aiki. 'Yan aikin gida da direbobin gida tsarinsu daban ne, ta Musaned, shafin gwamnati na 'yan aikin gida, ake bi.

Kayan da za ka tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya, tun kafin ka buɗe baki ka yi wa kowa magana ka haɗa waɗannan.

Waya mai layi da sunanka, wanda aka ɗaura a Absher ɗinka, wato asusunka na hidimomin gwamnati. Kowane saƙon zama da lambar shiga ta nan zai zo, in layin na wani ne ko na kamfani ne ka canza shi yau. Sai manhajar Nafath, da ita ake shiga kusan duk shafukan gwamnati.

Asusunka na Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago da ake ajiye kwantiragin aiki, ka shiga ka sauke kwantiraginka, wanda a nan muke ce wa akadi. Sai kashaf hisab na banki, wato takardar shige da ficen kuɗi, na aƙalla shekara guda. Hoton igama da fasfo. Duk wata takarda ko saƙon WhatsApp ko imel da aka ambaci bonas, kwamisho ko ƙarin albashi. Takardun kai kaya da ka sa wa hannu masu ɗauke da kwanan wata da lokaci. Da ɗan littafi da biro, wannan kar ka raina shi. Sai fayil na roba da za ka ajiye a gida, ba a loka ɗin wajen aiki ba, domin ranar da abu ya ɓaci ba lallai a bar ka ka koma ciki ba.

1. Fara karanta abin da ka sa wa hannu

Mutane da yawa suna faɗa a kan kuɗin da ba ya cikin akadinsu. An ce maka da baki riyal 3,300 ne, amma a Qiwa an rubuta 2,000, sauran ana miƙo maka a ambulan. Muddin ana zaman lafiya ba ka ganin matsala, ranar da aka saɓa sai su ce ga abin da muka yi da shi, kuma sun biya. Don haka ka buɗe akadin ka duba abu huɗu: albashin asali, kuɗin gida, kuɗin mota, da ranar da akadin zai ƙare. Ka duba ko an ambaci hafiz ko umula, wato bonas da kwamisho, da sharaɗin da aka ɗora musu.

In ba ka karanta Larabci sosai, nemi wanda ya iya ya zauna da kai, yaranmu da aka haifa a nan suna da yawa kuma ba sa ƙi. Kar ka dogara da ɓangaren Turanci, in an samu saɓani na Larabci doka take ɗauka.

In ba ka da akadi a Qiwa gaba ɗaya, kar ka karaya. Dokar aiki ta ba ma'aikaci dama ya tabbatar da aikinsa da haƙƙinsa ta kowace hanyar shaida, kuɗin da suka shigo banki daga kamfani, katin aiki, saƙonni, mutanen da kuka yi aiki tare. In kuma sabon akadi aka turo maka a Qiwa ka amince, kar ka danna da sauri don mushrif, wato mai kula da ku a wajen aiki, yana tsaye a kanka, kana da damar ƙin amincewa in abin da ke ciki ba shi kuka yi ba.

2. Raba kuɗinka gida-gida, ka san wanne ne haƙƙi wanne ne alkawari

Nan ne zan daɗe don nan ne ake yawan ruɗewa. Albashi haƙƙi ne babu gardama, mai albashin wata dole a biya shi sau ɗaya a wata ta banki, kuma ma'aikatar ƙwadago tana bin diddigi ta tsarin kare albashi na Mudad. Maganar asibiti bai biya ba gaskiya ce a harkar kayan asibiti, na gani da idona ana kai kaya a jira watanni kafin kuɗi su fito, amma wannan tsakanin kamfani ne da mai sayensa, doka ba ta rataya albashinka a kai ba.

Bonas shi ne mai wuyar sha'ani. In an rubuta shi a akadi ko a dokokin cikin gida na kamfani, ya zama haƙƙi. In ba a rubuta ba amma an saba bayarwa a kai a kai har ma'aikata suka ɗauke shi wani yanki na albashi, doka tana lissafa shi a cikin albashi, sai dai kai za ka nuna wannan sabon, shi ya sa na ce ka ciro kashaf hisab, in ya nuna duk ƙarshen wata uku ana turo maka wani abu shekara biyu a jere to kana da abin riƙewa. Amma wanda mudir ya faɗa da baki a tsakiyar sito cikin zafin aiki, irin namu na korona, in babu saƙo babu takarda babu wanda zai tsaya ya ce ya ji, gaskiya ɗan'uwa samunsa da wuya. Ni kaina wannan ban same shi ba, kuma har yau in na tuna daren da muka sauke kwantena biyu ta takunkumi mu shida raina yana sosuwa. Abin da na koya shi ne duk ranar da aka yi maka alkawari, da daddare ka tura wa mudir saƙo cikin ladabi: Ustaz na gode da maganar da ka yi yau ta cewa za a ba mu albashin wata ɗaya in mun kammala odar nan. Ko tamam, wato ya yi, kawai ya rubuto, ka samu shaida.

Mandubai masu yawon asibitoci da kilinik suna tallar kaya, ku matsalarku kwamisho ce. Ku tambaya a rubuce, ana lissafa shi ne a kan abin da aka sayar ko a kan abin da aka karɓo kuɗinsa? Bambancin nan ya cinye wa mutane dubbai. Kuma duk wata ku ajiye hoton rahoton cinikinku, kar ku jira sai an rufe muku shiga kwamfutar kamfani.

Sai ofatayim. Aiki awa 8 ne a rana ko 48 a mako, a Ramadan kuma 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Abin da ya haura, kowace awa ana biyan kuɗin awar da ƙarin rabin kuɗin awa na albashin asali, aikin ranar hutu da na sallah duk ofatayim ne. Hutun shekara kwana 21, in ka cika shekara biyar a jere ya koma 30, wanda ba ka ci ba kuma ana biyanka kuɗinsa in za ka tafi.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata a cire maka ba tun farko. Kuɗin igama da lasisin aiki da sabunta su na kamfani ne, haka inshorar lafiya. Ta'aminat, wato GOSI, hukumar inshorar ma'aikata, mu baƙi ɓangaren haɗarin aiki kawai ake mana kuma kamfani ke biya, in ka ga an cire maka da sunan wannan ka tambaya.

3. Yi lissafi da hannunka

Kar ka je ko'ina kana cewa suna riƙe min kuɗi da yawa. Nawa ne? Na wane wata? Ɗauko littafin nan ka yi layi-layi: wata, abin da ya kamata, abin da aka biya, ranar da aka biya, saura.

Ga misali, a ce asalinka 2,400, gida 600, mota 300, jimla 3,300. Raba 3,300 da kwana 30 da awa 8, awarka ta zama 13.75. Asali kuma 2,400 in ka raba haka ya ba ka 10, rabinsa 5. To awar ofatayim ɗinka 18.75 ke nan, in ka yi awa 40 a wata kana bin 750.

Kuɗin sallama, wanda ake ce wa nihayatul khidma, rabin albashin wata ne a kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken wata a kowace shekara bayan nan, a kan albashinka na ƙarshe. Mai 3,300 da ya yi shekara bakwai: 1,650 sau biyar 8,250, sai 3,300 sau biyu 6,600, jimla 14,850. Amma fa in kai ka ajiye aiki da kanka lissafi ya canza, ƙasa da shekara biyu ba ka da komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, sama da biyar zuwa ƙasa da goma kashi biyu cikin uku, goma zuwa sama cikakke. Wato mutumin nan in ya rubuta istikala, wato takardar ajiye aiki, cikin fushi 9,900 zai karɓa. Akadin baƙo kullum mai wa'adi ne, in ka daure har ya ƙare ka sanar da su a kan lokaci cewa ba za ka sabunta ba, cikakke za ka karɓa. In kuma ka yanke shi a tsakiya ba tare da dalilin da doka ta yarda ba, kamfani ma yana iya neman diyya a wajenka. Akwai na'urar lissafin wannan kuɗi a shafin ma'aikatar ƙwadago, ka gwada lissafinka da ita.

Gargaɗi, kar ka ƙara ko riyal ɗaya da ba ka da hujjarsa. Na ga wanda ya cusa awannin da bai yi ba, wakilin kamfani ya fito da bayanan na'urar basma, wadda ake dangwala yatsa lokacin shiga da fita, ya ƙaryata shi a kan awannin kwana uku kacal, daga nan duk sauran maganarsa ta raunana alhali yawancinta gaskiya ce.

4. Maganar cire kuɗi saboda kaya sun lalace

Wannan ya fi shafar mu 'yan sito da direbobi. Kayan asibiti ba kamar sauran kaya ba ne, akwai ranar ƙarewa, akwai lambar rukuni, akwai waɗanda sai a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma hukumar abinci da magunguna tana sa ido. Wata rana kwalin ruwan gwajin jini ya kwana a waje, da safe na tarar da shi a bakin ƙofar firji ya yi ɗumi, ƙanƙarar da ke ciki ta zama ruwa. Ƙarshen wata sai muka ga an yanke wa mu uku kusan rabin albashi ba tare da an tambayi kowa ba. Abin da ya cece ni shi ne takardar karɓar kaya, ta nuna motar ta iso ƙarfe tara na dare, ni kuma basmata ta nuna na fita ƙarfe shida.

Ko da laifinka ne, abin da za a cire maka saboda ɓarna ba zai wuce albashin kwana biyar a wata ba, kuma in ba ka yarda ba kana da kwana 15 na aiki ka kai ƙorafi, in ka bari suka wuce ka rasa damar. Tara ma haka take, ba ta wuce ta kwana biyar a laifi ɗaya, kuma sai an sanar da kai a rubuce an ji ta bakinka. Ka saba da ɗaukar hoton kaya in sun zo a fashe ko ranar ƙarewarsu ta matso, ka tura wa mushrif nan take. Amma ka tsaya iya abin da ya shafi aikinka, kar ka kwashi jerin farashi ko sunayen masu saye ka adana a wayarka, wannan sirrin kamfani ne kuma da shi za su juya maka magana.

5. Nemi haƙƙinka a cikin gida, a rubuce

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, haka muke yi, mu huce a kan mushrif wanda shi ma albashinsa bai shigo ba. Bar shi. Rubuta gajeriyar takarda da Larabci zuwa sashen ma'aikata: sunana wane, lambar igama kaza, albashin wata kaza da kaza bai shigo ba, jimla kaza, ina roƙon a biya ni cikin mako guda ko a ba ni rana a rubuce. Babu zagi, babu barazana, babu tarihin duk abin da aka taɓa yi maka. Tura ta imel, in babu imel ka kai kwafi biyu a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe, in sun ƙi karɓa tura ta WhatsApp zuwa lambar ofis ka ɗauki hoton allo.

Sau da yawa a nan ma magana take ƙarewa, domin kamfani ya san wanda ya iya rubuta irin wannan takarda ya san hanyar gaba. In sun ce za su biya kashi-kashi kuma ka ga da gaske suke, ba laifi ka yarda, zaman lafiya da wajen cin abincinka yana da daraja, amma a rubuta ranaku da adadi.

In ku da yawa ne, kowa ya rubuta tasa. Kar ku haɗu ku rufe sito ku ce ba za a loda mota ba, yajin aiki ba a yarda da shi a ƙasar nan, kuma kayan da ke cikin motar wani mara lafiya ne yake jira.

6. Abubuwa huɗu da ke kashe magana

Na farko daina zuwa aiki. Wallahi wannan ya fi komai cin mutanenmu. Fashin sama da kwana 15 a jere ko sama da 30 a warwatse cikin shekara ba tare da uzuri ba, bayan gargaɗi a rubuce, sun isa a kore ka babu sallama, sannan ga rahoton tagayyub da muka fi sani da hurub, wato a kai rahoton ka gudu daga aiki, wanda zai jefa igamarka cikin matsala. Ko ba a biya ka ba, je ka buga basma. Gaskiya ne sashe na 81 na dokar aiki ya ba ma'aikaci damar barin aiki da haƙƙinsa cikakke in kamfani ya kasa cika manyan wajibansa, amma kar ka yanke wa kanka wannan hukunci a ɗaki, sai ka shigar da ƙorafi ka kuma nemi shawarar wanda ya san doka.

Na biyu sa hannu. Ranar da na je karɓar wani ɓangare na kuɗina, muhasib, wato akawun kamfani, ya turo min takarda ya ɗora tafin hannunsa a saman rubutun, ya nuna min ƙasa da biro ya ce wakki' hina ya akhi, sa hannu nan kawai. Na ce Ustaz ɗan ɗaga hannunka in karanta. Mukhalasa ce, an rubuta na karɓi dukkan haƙƙoƙina ba na bin kamfani komai, alhali wata ɗaya cikin uku za su ba ni. Na ce zan sa hannu a kan abin da na karɓa kawai, ya ɓata rai, ya buga wata. In an matsa maka, rubuta da hannunka kusa da sa hannun adadin da ka karɓa da cewa saura kaza. Farar takarda kuwa ko wadda ba a cike adadi ba, ko mahaifinka ne ya miƙo maka kar ka sa.

Na uku mayar da kuɗi. Wasu suna tura cikakken albashi banki don Mudad ya nuna an biya, sannan su ce ciro ka dawo da wani abu, ko su riƙe katin bankinka. In ka yarda, a idon hukuma an biya ka. Katinka da fasfonka a hannunka ya kamata su zauna, kamfani ba shi da ikon riƙe fasfo.

Na huɗu fallasa a intanet. Na san zafin, amma kama sunan kamfani ko na mudir a TikTok ko Facebook kana zagi, dokar laifukan intanet ta nan tana hukunta ɓata suna da ɗaurin da zai iya kai shekara guda ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000. Ka shiga kana bin bashi ka fito ana binka. Haka ɗaukar mutum bidiyo a ɓoye, ka bar shi.

7. Shigar da ƙara a taswiya wuddiyya

In lokacin da ka ba su ya wuce shiru, sai mataki na hukuma. Da ana cewa a je maktabul amal, wato ofishin ƙwadago, yanzu ta waya ake farawa. Shiga shafin ma'aikatar ƙwadago ta Nafath, nemi taswiya wuddiyya, wato sulhu, cike bayanan kamfani kamar yadda suke a akadinka, zaɓi garin da kake aiki, sannan ka jera buƙatunka ɗaya bayan ɗaya da adadinsu, albashi daban, ofatayim daban, bonas daban, abin da aka yanke daban. Ɗora takardunka. Kyauta ne. In wani abu ya shige maka duhu kira 19911. In ba ka iya cikewa ba, ofisoshin khadamat na unguwa, masu cike wa mutane takardu, suna yi da ɗan kuɗi, amma ka tsaya a kai a karanta maka abin da aka rubuta, kuma kar ka bar musu lambar sirrinka.

Za a turo maka ranar zama ta saƙo, sau da yawa ta waya ko bidiyo ake yi. Kar ka kuskura ka makara, in mai ƙara bai halarta ba ana ajiye ƙarar. Wa'adin sulhu kwana 21 ne na aiki. A zaman ka yi magana a taƙaice, littafinka a gabanka, in wakilin kamfani ya kawo zancen ba ka da ladabi ko kana makara ka ce wannan daban, ni albashin wata kaza nake nema. In Larabcinka bai kai ba ka faɗa tun farko kana buƙatar tafinta, ya fi ka amsa na'am a kan abin da ba ka gane ba.

In kun daidaita, takardar sulhun tana da ƙarfin zartarwa, in suka saɓa kai tsaye kotun zartarwa za ka nufa. Don haka ka tabbata an rubuta adadi da rana. Za su nemi ka rage, wannan kai za ka auna, ni na sassauta a ofatayim ɗin da shaidata ba ta da ƙarfi na tsaya a kan albashi da abin da aka yanke min, kuma ban yi nadama ba.

Wani sauƙi da ya shigo daga Oktoba 2025, sababbin akadin da aka tabbatar a kan sabon tsari, sashen albashinsu ya zama takardar zartarwa, in an wuce kwana 30 ba a biya ka komai ba ko kwana 90 ana biyanka guntu-guntu kana iya neman zartarwa ta Najiz, shafin ma'aikatar shari'a, ba sai an yi shari'a ba. Duba naka ko yana ciki.

8. In sulhu ya gagara, kotun ma'aikata

Za a ba ka takardar cewa sulhu bai yiwu ba, da ita ake wucewa mahkama ummaliyya, wato kotun ma'aikata, ta shafin Najiz. Kotunan nan sun fara aiki a 2018 a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma ma'aikaci mai neman haƙƙin aikinsa ba ya biyan kuɗin kotu. Lauya ba dole ba ne, in kuɗin albashi ne zalla kuma banki ya nuna bai shigo ba kai kaɗai ka isa, domin kamfani ne zai kawo shaidar ya biya. In maganar kwamisho ce mai yawa da lissafi mai sarƙaƙiya, nan kam lauya yana da amfani, ku yi yarjejeniyar kuɗinsa a rubuce.

Ka riƙe wannan da kyau: bayan wata 12 da rabuwarka da kamfani kotu ba ta sauraron ƙarar sai da uzuri karɓaɓɓe ko in kamfanin ya amsa da bakinsa. Wani dattijo a unguwar Sabil ta Jidda da nake kira Baba, direba ne shekara da shekaru, aka yi ta ce masa Hajji ka yi haƙuri bayan Hajji, bayan Ramadan, yana jin nauyin mai kamfanin don sun daɗe tare, da ya zo min an haura shekara. Na rasa abin da zan ce masa, na dai raka shi muka je aka roƙa, abin da suka ga dama suka ba shi.

9. Canza wajen aiki ko komawa gida

Tun gyaran da aka fara aiki da shi a Maris 2021, nakal kafala, wato mayar da igamarka ƙarƙashin wani kamfani, ya yi sauƙi. In an yi wata uku a jere ba a biya ka ba, ko igamarka ko lasisin aikinka ya ƙare ba a sabunta ba, kana iya komawa wani kamfani ta Qiwa ba tare da amincewar na farko ba. Sabon kamfanin ne zai turo buƙata kai ka amince, don haka ka fara neman wajen tukuna, kuma wanda ya san harkar sito na kayan asibiti, ya iya bin ranar ƙarewa da kula da firji, ba ya rasa mai so. Komawarka wani waje ba ta kashe bashin da kake bi. Amma kar ka fara aiki a sabon waje kafin canjin ya kammala, aiki wajen wanda ba shi ne a igamarka ba laifi ne da ke kai mutum tarhil, wato a kore shi daga ƙasar.

In sun riga ka sun saka maka tagayyub, duba Qiwa da Absher nan take, akwai kwana 60 da ake ba mutum ya koma wani kamfani ko ya yi fita ta ƙarshe, kar ka ɓuya a ɗaki kana jira su wuce.

In gida za ka koma, kamfani ya biya ka komai cikin mako ɗaya in su suka sallame ka ko akadi ya ƙare, cikin mako biyu in kai ka ajiye, tikitin komawa a kansu yake in akadi ya ƙare, kuma ka karɓi shahadar khibra, takardar shaidar aiki, kyauta ce. Kar ka amince a buga maka khuruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, a kan alkawarin za mu turo maka in ka isa Kano ko Yamai. In tafiyar ta zama dole kuma ƙara ba ta ƙare ba, yi wa lauya wakala, wato takardar wakilci, ta Najiz tun igamarka da layinka suna aiki, kuma ka shirya da shi yadda kuɗin za su same ka, domin asusun bankinka na nan zai iya tsayawa bayan ka fita.